Yadda Ake Gyaran Intanet Mai Yankewa, Bisa Tsarin Malam Siddiƙu

Kai da intanet ɗin gidanka yake zuwa ya ɗauke ba sallama, ga magani tabbatacce. Malam Siddiƙu, manomin albasa a Goronyo, ya gwada shi ranar sunan jikansa. Ɗansa Isa, da ke aiki a Legas, ya aiko masa da na'urar waifai don ya zaɓa wa jaririn suna ta bidiyo. Bi sawunsa.

1. Kashe ka kunna.
Malam ya kashe, ya kunna, koriyar fitila ta kama, ta koma ja. Ya dubi matarsa. "Uwaliya, mi kinka taɓa?"
"Ni da ke tsakar gida, Malam?"
Tambayar nan wajibi ce, ko da kai kaɗai ne a ɗakin.

2. Ɗaga ta sama.
Sabis ba ya son ƙasa, masana sun tabbatar. Malam ya rataye na'urar a kan rumbun albasa. Ta kawo sanda biyu na sabis, iska ta kaɗa, suka tafi.

3. Nemo mai laifi.
Mafi dacewa maƙwabci. Malam yana da Maccido, wanda suka daɗe ba sa ga maciji saboda rabon ruwan kanal na noman rani. "Shi na! Ya janye min ruwa, yanzu sabis yaka ja." Nan take ya canza lambar sirri, sannan ya manta ta. Sai da aka maido da tsohuwar.

4. Faɗi muhimmiyar magana a dogon zance.
Fuskar Isa ta bayyana, liman da jama'a zaune bayansa. "Baba, kai aka jira. Wane suna?"
Malam ya gyara hula, zuciyarsa na kan kanal. "Ku sa mashi sunan duk wanda kunka so cikin magabata, amma ban da..." Hoto ya daskare. Ya dawo daidai lokacin da ya ɗaga murya: "Maccido!" Ya sake ɗaukewa.

5. Sake kira.
Kafin fitila ta koma kore, an yi addu'a, an yanka rago.
"Baba, ai kai kac ce Maccido. Kowa ya jiya."
Malam ya buɗe baki, sai aka yi sallama a ƙofa. Labari ya riga ya iso ta wayar mata, wadda ba ta yankewa. Maccido ne tsaye da ƙullin goro, idonsa ya cika da hawaye.
"Ashe haka nike gare ka, Malam? Gobe kai za ka fara ban ruwa."
Malam ya dubi goron. Ya karɓa. "Allah shi raya muna shi," ya ce.

Gargaɗi: intanet ɗin yana nan yana yankewa. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da sabon amini, babu ruwan marubuci, shi ya sani.