Rakiyar da Na Yi wa Falmata Gidan Magana

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu ta Mafoni ba za su bar ni ba, da Larabar da na tsaya a tsakar wani ɗan asibiti da takarda shafi huɗu a hannuna, ina karanta wa jama'a laifuffukan ma'aikatan wurin. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, rabi kunya rabi haushi, don ban gama yarda cewa laifin duka nawa ba ne.

A shekarun da gwamnati ta yi ta rage ma'aikata, takardar sallama ta same ni bayan shekara ashirin da uku ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta. Layi biyu ce takardar, ko na gode babu. Na dawo gida ba ƙararrawa, ba taron safe, ba mai miƙewa in na shigo. Sai na mayar da gidana makaranta. Kowace safiya ina zagaya tsakar gida hannu a baya, in leƙa tukunya, in tambayi wanda ya jingina tsintsiya a nan ba can ba. In abincin rana ya yi jinkirin minti goma, sai unguwa ta sani. (A lokacin ban kira wannan faɗa ba, tsari nake ce masa.)

Matata Falmata mace ce da ake jin dariyarta tun daga zaure. Sannu a hankali dariyar ta ɗauke, ta rame, duk abin da na ce sai ta amsa da "to, Malam". Ran nan yayanta Ya Modu, mai atamfa a Kasuwar Litinin, ya zo ya zauna a zaurena, ya sha shayina, sannan ya ce mini cikin ladabi in al'amura ba su daidaita kafin azumi ba, zai ɗauki ƙanwarsa ya mayar da ita gidansu a Old Maiduguri. Saura mako shida ke nan. Aure na shekara goma sha tara, mai yanka yadi ya ba shi wa'adi! Na fusata ƙwarai, amma gaskiya na tsorata, don ban san inda zan sa kaina ba in Falmata ta bar gidan. Sai na yanke hukunci irin na hedimasta: matar nan ba ta da lafiya, danginta kuma ni suke so su ɗora wa.

Kwana biyu bayan haka ta same ni ta ce akwai wani wuri a bayan unguwarmu da mutane ke kira gidan magana, inda ake duba masu damuwa da rashin barci da abin da ya shafi ƙwaƙwalwa. Ta ce dokar wurin ba a karɓar kowa sai da mai rakiya.

"Malam, za ka raka ni?"

Na ce yanzu na ji batu. Na sa babbar riga, na jera biro uku a aljihu, na shiga gaba tana bin bayana. Katin asibitin yana cikin jakarta, ban nemi gani ba. Na ɗauka kunya take ji, na kuma yaba wa kaina da na rufa mata asiri.

Ɗaki huɗu ne wurin, da benci biyu a inuwar darbejiya, da randa, da akawu mai akwatin katuna. Masu ba da shawara uku ne, kuma tsarinsu shi ne sabon zuwa ya ga kowannensu bi da bi, ɗaya kowace Laraba, daga baya su haɗu su zaɓi wanda zai riƙe shi. Ni kuwa na ɗauki abin a matsayin zagayen sufeto, na buɗe wa kowa shafi a littafina.

Ta farko Malama Saratu ce, 'yar kudancin Borno, tsohuwar nas da ta fara aiki a asibitin mishan, daga baya ta yi shekara ashirin a ɗakin masu taɓin hankali. Tsohuwa ce mai tabarau, hanyarta kuma shiru. Da muka zauna ta dube ni, ba Falmata ba, ta tambaye ni ko na san dalilin da ya kawo ni. Na ce na sani sarai, na kuma shiga bayani. Minti arba'in na yi ina lissafa mata alamomin ciwon matata, tun daga rashin magana har zuwa gishirin miya. Da na tsaya shan ruwa sai ta tambaye ni yaya barcina, kuma da wa nake hira tun da na bar aiki. Na ce mata barcina ba ya cikin abin da ya kawo mu, ga mara lafiya nan a zaune. Malama Saratu ta buɗe baki za ta yi magana, na duba agogo na ce lokacinmu ya cika. A littafina na rubuta: ba ta san aikinta ba, tana ɓata lokaci a kan mai rakiya.

Na biyu Malam Bukar, wanda ya yi shekaru yana muhuti a kotun alƙali. Shi da bakinsa ya ce ya gaji da rubuta takardun saki, shi ya sa ya bar kotu ya je ya yi kwas ya koma sulhu. Ba kujera a ɗakinsa, tabarma ce da butar shayi da wani mafici na kaba. Dokarsa wanda ke riƙe da maficin shi kaɗai ke magana. Ya yi mana gaisuwar wushe-wushe da Barbarci, ya zuba shayi, sannan ya miƙa wa Falmata maficin, ya ce akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili yau, kuma ita ce za ta faɗe ta. Ta karɓa tana jujjuya shi. Sai tausayi ya kama ni (haka na gaya wa kaina), na karɓe maficin na ce bai kamata a wahalar da mara lafiya ba, ni zan yi magana a madadinta. Sau uku Malam Bukar ya miƙo hannu, sau uku na ɗaga maficin sama na ce ai dokarsa ce, ban gama ba. Har muka tashi yana hannuna. Na rubuta: ba ya iya riƙe aji.

Na uku shi ya fi ba ni haushi. Dokta Jidda, ɗan gidan wasu Shuwa dillalan shanu, ya yi karatun halayyar ɗan Adam a jami'a. Ina shiga ya miƙe zumbur ya ce "barka da zuwa, Sa." Ashe ɗalibina ne, na taɓa zane shi a aji biyar saboda makara. Magidanci mai gemu, a ofishinsa, bai zauna ba sai da na ba shi izini. Shi nasa aikin da takardu ne, tambayoyi da gidajen cikewa. Ya turo mini takarda yana in-ina, ya ce ni zan cike. Na cike wa Falmata tsaf. Ya duba, ya share gumi, ya ce ba haka yake nufi ba, na ce masa ya yi magana da ƙarfi kamar yadda na koya masa, sai ya bar maganar. A ƙarshe ya ba ni aikin gida: duk sanda fushi ya tashi a gidanmu in ja layi ɗaya, in rubuta abin da ya jawo. A mako guda na ja layi talatin da ɗaya, a gaban kowanne na rubuta Falmata. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wane ne mai fushin ba.

Laraba ta huɗu, saura kwana goma sha wani abu azumi, Falmata ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan "to, Malam" ba. Mako uku sun tafi a banza, aurena yana kan siraɗi, waɗannan mutane suna shan shayi suna tambayar barcina. Na zauna na haɗa rahoto shafi huɗu. Da muka isa benci biyun nan cike suke, har da mai kantin bakin layinmu da wata mata da na koyar da 'ya'yanta uku. Ban shiga ɗakin kowa ba. Na tsaya a tsakiya na sa akawu ya kira mini su ukun, suka fito, na gyara murya irin ta taron safe.

Na karanta komai. Na ce nas ba ta yi wa mara lafiya tambaya ko ɗaya ba. Na ce muhuti ya mayar da asibiti wurin fifita. Na ce Jidda tun yana aji biyar ba ya gama jimla, kuma jami'a ba ta gyara shi ba. Na ɗaga takardar layukan nan talatin da ɗaya na nuna wa jama'a a matsayin shaida. Sannan na umarci akawu ya fito da fayil ɗin matata, za mu koma inda aka san aiki.

Akawu ya bincika akwatinsa gaba da baya, ya ce babu mai wannan suna. Na ce ga wani sakacin kuma, na fara neman biro in ƙara a rahoto. A nan Falmata ta buɗe jakarta ta fito da katin. Malama Saratu ta riga ni karɓa.

"Malam, mu shiga ciki. Wannan ba abin karantawa a tsakar gida ba ne."

Na ce ba abin da zan ɓoye wa kowa, na fizge katin. Hedimasta kuwa bakinsa ya saba riga idonsa, in takarda ta shigo hannu karantawa kawai yake. Da muryar da ake ji daga bayan filin makaranta na karanta sunan mara lafiya, wato sunana, da na mahaifina, da shekaruna, da "tsohon hedimasta". Ban iya tsayar da bakina ba sai da na kai layin ƙarshe, inda aka rubuta mai rakiya: Falmata, matarsa.

Mai kanti ya shiga duba takalminsa kamar yau ya saya. Ni kuwa maimakon in nemi wurin ɓuya, sai na juya kansu na ce sun haɗa baki sun yaudare ni. Malama Saratu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ranar farko sun gaya wa Falmata ba sa aiki a kan ɓoye-ɓoye, dole in sani. Ta ce ita ta fara gaya mini na duba agogo, Malam Bukar ya ba matata dama na ƙwace mafici. Jidda ya sunkuyar da kai ya ce, "Sa, ni kam kasawa na yi." Daga baya na fahimci ita ma Falmata ba mugunta ta yi ba. A wajenmu wa zai dubi maigida, hedimasta kuma, ya ce masa kansa na bukatar dubawa? Sai dai a roƙe shi rakiya.

Ban gama hucewa ba Falmata ta yi magana, karo na farko tun ranar da ta roƙe ni rakiya da ta wuce kalma biyu.

"Malam, akwatina yana gidan Ya Modu tun ran Alhamis. Kwana shida kana zagaya ɗakina, ka ga tsintsiya, ba ka ga babu shi ba."

Na fice ban yi wa kowa sallama ba, rahotona a hammata. Ina isa gida na shiga ɗakinta. A kusurwar da akwatin ya yi shekara goma sha tara, sumuntin ya fi na ko'ina haske. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin. Falmata ba ta biyo ni ba, daga asibitin gidan yayanta ta wuce.

Kwana shida na yi ina faɗa da bango da buta. Larabar da ta biyo na sa ƙaramar riga, na bar biro a gida, na lallaɓa gidan magana da sassafe kafin benci ya cika. Na gaya wa akawu ƙasa-ƙasa cewa na zo a duba ni. Ya ce Malama Saratu ce aka zaɓa ta riƙe ni (na ji daga baya cewa ita kaɗai ce ba ta roƙi a ɗauke mata ba), amma ya ba ni haƙuri, doka doka ce, ba a karɓar kowa sai da mai rakiya. Na ji faɗa ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi da ƙyar.

Na shiga tasi zuwa Old Maiduguri. Ya Modu ya bar ni a zaure kusan awa guda, ko shayi bai kawo ba, kuma na san da gangan ya yi. Can Falmata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu, abu ɗaya ya rage mini.

"Falmata, za ki raka ni?"

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta koma ciki ta ɗauko gyale da jakar katin. Ita ta shiga gaba, ina bin bayanta.

Akwatin bai dawo ba sai bayan babbar Sallah, kuma sai da Malam Bukar ya shaida cewa na iya zama har Falmata ta shanye kofin shayi tana magana ban katse ta ba. Da wuya na kai, sau biyu ana sake zubawa. Har gobe ina nan a kan bakana cewa Jidda ya kamata ya buɗe baki tun ranar farko, kuma Ya Modu ya cika kai. Amma tun daga lokacin, duk wanda ya zo ya ce in raka shi asibiti, sai na ce ya miƙo katin in duba sunan da ke kai, kuma a zuci nake karantawa.