Rasuwar Iya, Wayar Gwajin Ofishinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ga kuma gajiya a kai, nake sanar da abokan aiki rasuwar Iya, tsohuwar wayar gwajin ofishinmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburina, caja na jikinta.

Iya ta riga yawancinmu zuwa ofishin nan. Fuskarta a tsage take, bayanta da salatif muka ɗaure, kuma ba ta taɓa yin sauri ba a rayuwarta. Don haka muke girmama ta. Manhajarmu ta sayar da tikitin mota ce, masu yanka tikiti a tasha kuwa irin Iya suke riƙewa, ba irin wayar Oga ba. Duk abin da aka rubuta sai ya bi ta hannunta kafin ya fita. In da matsala sai ta yi “ƙirrr”, ta ɗauke wuta, a koma a gyara. Ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba, har da ni.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da Oga ya ce laburarenmu, wato tarin lambobin da manhajar ke tsaye a kansu, ya yi ƙiba. Masu rubuta manhaja suka yi ta yanka har suka zubar da kusan rabi, sannan suka miƙo mini, ni mai gwaji, in tabbatar ba a yanke wata jijiya mai amfani ba, kuma manhajar tana buɗewa da wuri. Na buɗe, na rufe, na dubi agogo, na sake, har bayana ya ƙage. Iya ta ɗau zafi, cikinta ya kumbura, amma ba ta ƙi ba. Gaskiya an samu sauƙi, domin abin da a da nakan haɗa shayi kafin ya buɗe, yanzu ko kofi ba na kai ga ɗaukowa.

Shafi ɗaya ya rage, na fitar da tikiti. Na danna, fuskarta ta yi fari fat, ta ce “tik”, shi ke nan.

Abin da ke ci na a rai, ban sani ba ko farin nan fitar rai ne, ko ɓarna ta gani take son gaya mini. Oga ya ce tsufa ne kawai, a saki manhaja ranar Juma'a. Sa hannuna ake jira, kuma in tashoshi suka tsaya cak da fasinja cike, ni za a kira. Wallahi na gaji, kuma ina tsoro.

Ta rasu ta bar caja mai lanƙwasasshen kai, da sababbin wayoyi 'yan gata da ba su san wahala ba, kome aka ba su sai su ce lafiya lau. Ta kuma bar ni.

Mai gyaran waya na bakin titi ya duba ta, ya girgiza kai, ya miƙo mini gawa. Za a kwantar da ita a aljihun teburina na ƙasa, inda matattun cajoji suke. Zaman makoki a nan teburin ne, daga yau har yammacin Alhamis. Kada a wahala da kawo abinci. Duk mai zuwa ta'aziyya ya biya gidan kakarsa ko gwaggonsa, ya aro mini wayar da ta fi kowacce tsufa, muddin tana kamawa. Ya haɗo da cajarta.