Randar da Harumi Ta Rufe

"…ai na ce na dawo, Kaka! Sau uku ke nan. Ko kunnen ma ya yi ritaya?"

"Na ji ka tun kana kokawa da ƙofar mota. Jira nake ka cire waɗannan kwale-kwalen da kake kira takalma. Sannu da zuwa, sarkin yawo."

Kinuyo tana zaune a bakin baranda da kwandon ɗanyen wake a cinya, tana karya kan kowane kwanso tana zare masa jijiya. Shekararta saba'in da tara. Gobe za a shiga Obon na Japanawa, kwanakin da waɗanda suka rasu kan leƙo gida a ajiye musu abinci, kuma wannan ne na farko tun da 'yarta Harumi ta rasu a watan Nuwamba. Kosuke, ɗan Harumi, malamin lissafi ne a Sapporo, jiya ya iso. Da safe ta aike shi garin Obihiro ya sayo abu biyu, man shanu da miso, wato kirɓaɓɓen waken suya da ake tsimawa da gishiri, don a yi waken yadda Harumi take sonsa.

Ya zazzage jakar a gabanta. Man shanu dunƙule biyu. Shi ke nan.

"Ina mison?"

"Ya ƙare."

"A kantin?"

"A garin. Kanti huɗu na shiga. A na ƙarshe mai kantin har da hawaye. Ya ce daga nan har bakin teku babu ko cokali ɗaya. Wai waken suya ne suka shiga yajin aiki."

"A ƙasar nan? Da ko atishawa ka yi sai ta sauka a gonar wake?"

"Ni ma abin ya ba ni mamaki."

"An damƙa maka 'ya'yan mutane ka koya musu ƙidaya. An aike ka abu biyu, ka dawo da ɗaya."

"Hamsin cikin ɗari ke nan, Kaka. A makarantarmu an ci jarrabawa."

"Shi ya sa ƙasar take lalacewa. Juyo in ga kunnenka."

"Me kunnena ya yi?"

"Tun kana rarrafe na hagun ke yin ja in ka shara ƙarya. Ga shi nan kamar tumatir. Da wannan kunnen wace mace ce za ta aure ka? Ko ina ka je, kafin ka buɗe baki ya riga ya ba ta labari."

"Ai shi ya sa na zauna miki. Ke kaɗai ce idonki ya yi raunin da za mu daidaita."

"Ni? Kakanka da ya nemi aurena yana da saniya goma sha biyu. Kai me gare ka? Alli."

Kosuke ya yi dariya, ya zauna kusa da ita, ya ɗauki kwanso ɗaya yana juya shi. Bai kalle ta ba da ya yi maganar.

"Ai akwai miso a gidan nan."

Hannun Kinuyo bai tsaya ba. Ta karya kwanso, ta zare jijiya, ta jefa a kwano, ta ɗauki wani.

Akwai. Yana cikin rumbun bayan gida, a randar ƙasa mai ruwan toka, da dutse a kansa. Harumi ce ta dafa waken, ta kirɓa, ta cuɗa da gishiri da shinkafar tsimi, ta danna a randar a watan Fabrairun bara, lokacin ba wanda ya san tana da ciwo. Kowace safiya Kinuyo takan shiga rumbun, ta goge jikin randar da tsumma, ta fito. Ba ta taɓa ɗaga dutsen ba. Tun da na bara waccan ya ƙare take sayen na kanti, tana ci tana kushe shi.

"Bai nuna ba," in ji ta.

"Wata goma sha takwas, Kaka. Bazara biyu ya gani. Ko ke da ba ki saurin komai ai da kin nuna."

"Zan aro wajen Setsuko."

"Setsukon maƙwabta? Wadda kika ce da misonta gara a yaɓe bangon rumbu?"

"To bangon ma ai yana da amfani."

"Gobe Mama za ta shigo gidan nan, ta sha doguwar hanya, ki tare ta da yaɓen bango? Ko fitilar da za a kunna mata ba za ta jira ba, za ta juya."

"Kar ka dame ni. Ko da an samu mison ma, ba a sa man shanu a tiren waɗanda suka rasu. Ganye da hatsi, iyakarsa. Malamin haikali in ya gani sai ya yi mana wa'azi har shinkafa ta huce."

"Shi da motarsa ke tsaye kullum a gaban mai gasa nama?"

"Rufe mini baki, mara kunya."

"Kuma Mama ce fa. Matar da ke lafta wa dankali man shanu har sai an yi cigiyar dankalin."

"Ai na sha faɗa mata. A zamaninmu da riɗi ake yin waken nan, a daka, a cuɗa, a ci kamar mutane. Ita ce ta je ta ƙirƙiro wannan kwaɗon nata."

"Kike cinye rabin kwano kina faɗan."

"Don kar a zubar."

Wake ya ƙare a kwandon. Ba sauran abin da hannunta zai yi. Ta duba gonar da ke gaban gidan, inda sandunan waken suke jere, ta daɗe tana dubawa.

"In aka buɗe, ƙarewa zai yi," in ji ta. Muryarta ba ta canja ba. "Kilo goma ne. Ni kaɗai, wata takwas. In kana zuwa da wannan cikin naka, biyar. Daga nan babu wani abu a duniya da hannunta ya yi wanda za a sa a baki."

"Na sani."

"To."

"In ba a buɗe ba kuma baƙi zai yi, ƙamshin ya gudu, ya koma gishiri zalla. Ke kika koya mini. Ran da ta yi shi ina tsaye, ni na riƙe mata randar. Ba ta ce a ajiye shi a riƙa goge masa jiki ba, Kaka. Cewa ta yi na bana zai fi naki."

Kinuyo ta juyo da sauri.

"Ta ce haka?"

"Da bakinta."

"Juyo da kunnen."

Ya juyo. Ta duba da kyau. Fari tas.

"Ji mini yarinya!" Ta ajiye kwandon, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ni da na koya mata riƙon ludayi? Oho dai, surutun banza muke yi. Dutsen nan ya fi ƙarfin mai hannun alli."

"Mu je ki gani."

Rumbun yana da sanyi da warin ƙasa. Kosuke ya tsuguna ya rungumi dutsen, ya yi nishi.

"Bayanka, tsoho. Ko in kira Setsuko ta ɗaga maka?"

Ya sauke shi a ƙasa yana haki. Kinuyo ta kwance igiyar da kanta, ta cire takardar, ta ɗaga faifan katako, ta yaye ƙyallen da ke ƙarƙashi. Ƙamshin ya taso, mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi. Mison ya yi ja kamar ƙasar tukwane, da ɗan farin fumfuna a baki-baki. A gefe guda, inda faifan bai kai ba, akwai sawun yatsu huɗu, a jere, sun nutse.

Kinuyo ta kai hannunta kusa, ba ta taɓa ba.

"Dubi nan," in ji ta daga baya. "Shekara talatin ina ce mata a shafe gefe ya yi sumul, iska kar ta samu wurin zama. Ba ta taɓa ji ba."

"Gajerun yatsu. Irin naki."

"Nawa sun fi kyau."

Ta kankare fumfunar da cokalin katako, ta ɗebo daga ɗaya gefen, nesa da sawun, ta mayar da ƙyallen.

A kicin ita ce mai umarni. Ruwa ya tafasa da gishiri, wake ya shiga, minti biyu ya fito, aka tsoma shi a ruwan sanyi don korensa ya tsaya.

"A karkace ake yankawa! Itacen wuta kake sara?"

"Cikin mutum bai san karkace ba."

"Naka dai. Narka man. Kar ya yi ja. Zuba waken. Yanzu sauke kaskon."

"Ban sa miso ba."

"Shi ya sa na ce ka sauke. Miso ba ya son wuta, ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Me suka koya maka shekara huɗu a jami'a?"

Ta dama mison da ɗan sukari da cokalin ruwa, ta zuba, ta juya sau uku. Man ya haɗu da shi ya lulluɓe waken yana sheƙi. Ta fara ɗiba a ƙaramin kwano, ta kai gaban hoton Harumi ta ajiye, ba ta ce komai game da malamin haikali ba. Sannan ta dawo ta ɗauki tsinkayen cin abinci, ta kai kwanso ɗaya baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Yaya?" in ji Kosuke.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan."

"Kaka."

Ta ƙara ɗaukar wani.

"Ya fi nawa," in ji ta. "In ka faɗa wa Setsuko sai na karya maka ƙafa."

Ya fashe da dariya har yana share ido da bayan hannu, ita kuma ta bar shi ya share, ta yi kamar tana neman wani abu a kabad. Ta fito da kwalba mai murfi, ta koma rumbu, ta dawo da ita cike, ta dangwara masa a gaba.

"Wannan ba na ci ba ne, ka ji ko? Iri ne. In za a yi sabo, akan cuɗa ludayi biyu na tsohon a ciki, shi ke ta da shi. Na Harumi da nawa aka ta da shi, nawa da na uwata. Na san da haka sarai, zuciyata ce ta ƙi zuwa wurin. Ka sa a firji. Fabrairu ka dawo da ita, kai za ka kirɓa waken."

"Ni? Mai hannun alli?"

"Kai ɗin. In ka cinye kafin nan, ka nemi wata kakar."

"Wa zai karɓe ni?"

"Babu," in ji Kinuyo, ta tura masa kwanon waken. "Ci, kafin ya huce."