Kwalbar Tsutsa a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida iyayen Hadiza a Tudun Wada ba, domin saura ƙiris auren ya watse tun kafin a sa rana.

Lokacin ina karatun tsuntsaye a Jos. Malaminmu ya ba mu labarin wani ƙuda da jiragen ruwa suka kai wasu tsibirai masu nisa. Ƙwai yake sakawa a sheƙa, tsutsar ta ɓuya a ƙasa tana shan jinin 'yan tsuntsaye har su mutu. Sai ya sa ni in duba ko namu tsuntsayen suna fama da irinsa. Haka na koma ɗan hawa bishiya, ni da ko tsani tsoro nake ji.

Ranar daga daji na zura babbar riga na wuce gidan, da jakata a kafaɗa (wai ni mai himma, kada in makara). Na tarar da mahaifinta da wan mahaifiyarta, Kawu Sale, a zaure. Ina tsugunnawa bakin jakar ya buɗe. Sai ga tsohuwar sheƙa, ga gashin tsuntsu, ga auduga, ga kwalbar tsutsa tana gangarawa har ƙafar Kawu.

Kawu ya ɗaga kwalbar, tsutsotsin suna motsi.

"Samari, mene ne wannan?"

Na ce, "Kawu, aikin tsibiri ne."

Ashe Kawu kunnensa da nauyi. Ya miƙe zumbur.

"Aikin tsibbu? Innalillahi! Da bakinsa ya faɗa! Shi ya sa yarinyar nan ba ta jin maganar kowa sai tasa!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ina cewa tsibiri, yana cewa ai ya ji. Mahaifinta kuwa takalmana kawai yake kallo a bakin ƙofa, na kuwa gane nufinsa.

Allah Ya yi wa kakar Hadiza albarka. Hayaniya ce ta fito da ita, ta karɓi kwalbar ta ƙura mata ido.

"Ku bar mini mijina ya yi bayani. Kai, a ina ka samo waɗannan?"

Na ce a ƙarƙashin sheƙa, jinin 'yan tsuntsaye suke sha.

"To, 'yan shilana wata uku ke nan suna mutuwa. In kai boka ne, zo ka nuna bokancinka."

Da babbar rigata na durƙusa a ɗakin tattabarunta, ina addu'a a zuci kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sheƙa ta farko babu komai. Ta biyu ma haka, gumi ya gama jiƙa ni. Ina ɗaga ta uku sai ga su jajaye, sun ƙoshi da jini. Ban taɓa murnar ganin tsutsa irin ta ranar ba. Muka ƙone tsofaffin sheƙun, na nuna mata yadda za ta riƙa fesa magani kaɗan ba tare da ta cutar da 'yan shilan ba.

Mahaifinta ya yi gyaran murya ya ce, "Ka turo magabatanka ranar Asabar."

'Ya'yanmu uku yanzu, kuma ba na sallar da ban sa tsohuwar nan a addu'a ba. Darasin da na koya shi ne, ilimin da ba ka iya bayaninsa da Hausar da kawun matarka zai ji ba, ka bar shi a gida. Har gobe in na gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya lau, Boka."