Agogon Likita, Kunnen Kaka

"...Lafiya lau, sai dai ganinki," in ji Kaka, bai ko ɗago daga teburin gyaran agogonsa ba.

Rediyo na ta surutu ƙasa-ƙasa a gefensa, ba don labarai ba. Wata ƙara ce ta tare a kunnensa, siririya kamar kukan tsanya. Da sai ya kwanta take tashi, yanzu har rana tsaka ba ta ɗaga masa ƙafa. Jikarsa, wadda yake kira Amarya tun tana rarrafe, ta ja kujera ta zauna.

"Angona, aiko ni aka yi. Likita ya ce in karɓo agogonsa."

"Wane likita? Wannan ɗan siririn da ke faka mota a ƙofar gidan ubanki? Mai leƙen kunnuwan mutane?"

"Shi fa. Mai haƙora talatin da biyu."

"Haƙora! Ni da nawa biyun na riƙe ki shekara da shekaru, ba ki taɓa kai ƙara ba. Yanzu kin ga mai farar riga, har da ba ki agogon ubansa ki kawo mini. Raini ne, wallahi."

"Girmamawa ce. Kuma ya ce in kawo ka ya duba kunnen nan."

"In kai wa mai neman matata kunnena? Ya zura ƙarfe ya toshe, don kada in ji abin da yake raɗa miki? Allah ya kiyaye!"

"Ai ba sai ya toshe ba, Tsoho. Wannan tsanyar taka ta riga shi. Shekaranjiya na kira ka a waya, ina cewa na yi kewarka, kana cewa 'wa ya yi karo?'"

"Layi ne ba kyau."

"Layin kunnenka. Ni ya kamata in yi fushi. Wata ta samu wuri, kwana da ita, tashi da ita, ni ko sai na ɗaga murya kamar mai talla."

"To ai ta fi ki amana. Ita ba ta da saurayi. Ba ta taɓa barina ta shiga motar wani ba."

"Sai ta zo ta riƙa yanke maka farce."

Kaka ya yi tsaki, ya jawo aljihun tebur, ya fito da agogon. Tsohon yayi ne, irin wanda ake yi wa wani, ana murɗa shi da hannu, ba shi da ɗan tsinken nan mai ƙirga daƙiƙa. Sai an kara a kunne ake sanin lafiyar bugunsa. Ya kara a dama, ya mayar hagu. Tsanyar ce kawai ke waƙarta.

"Garau," ya ce. "Kamar sabo. Ki ce masa ko a aikin hannu na fi shi."

Amarya ta karɓa ta kara a nata. Dariyar da ta shirya sai ta maƙale.

"Kaka... ai a tsaye yake."

Ya fizge, ya murɗa ɗan maɓallin wanin da ya manta, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Yanzu fa?"

"Yanzu yana bugawa. Kai ba ka ji?"

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon agogunan da ke rataye a bango, kowanne na motsi, babu mai yi masa magana.

"In ya ɗauke ki," ya ce, "da nisa za ku zauna ko?"

"Da ɗan nisa. Sai dai waya."

"Waya kuma."

"Kullum zan kira. Amma in tsanya ce za ta riƙa ɗauka, in huta da asarar katina."

"Zai iya korar ta?"

"Bai yi alkawari ba. Ya ce sai ya duba ya ga abin da ya kawo ta. Ko ba ta tafi duka ba, akwai dabarun rage mata baki."

"Ji makirci! Ya ƙwace mini ɗaya, ya dawo zai raba ni da ɗayar. So yake in zauna gwauro!"

"A'a, so yake ka ji da kunnenka ranar da zan ce na fi son sa."

"Ƙarya kike, 'yar nema! Bakinki ba zai iya ba."

"Ka je a gyara, sai ka tabbatar."

Kaka ya kwashe da dariya har haƙoran nan biyu suka bayyana. Ya karɓe agogon daga hannunta, ya ɗaura a tsintsiyar hannunsa, ya ɗauki hularsa ya karkaɗe.

"Mu je. Amma agogon nan ba zai bar hannuna ba sai na ji bugunsa da kaina. In ya gyara, ya karɓi kayansa."

"Ni fa?"

"Ke? Sai na ji muryarsa tukuna. In ba ta yi mini ba, ya tafi da tsanyar, ya bar mini matata."