Tuwon Magini a Kwarin Gauta

Duk wanda ya bi ta Kwarin Gauta a yanzu zai ga tankin ruwa a bakin kasuwa, tsaye a kan ƙafafu huɗu masu kauri kamar na giwa. To, wannan na biyu ne. Labarin na farkon zan ba ku, in Allah ya sa ban zubar da rabinsa a hanya ba, don kwanan nan sai in ɗauko zance daga ɗaki, kafin in iso zaure ya tsiyaye.

Shekarar ban riƙe ta ba. Abin da na riƙe shi ne matan garin sun gaji da sintirin rafi, ƙaramar hukuma ta haƙa musu rijiyar burtsatse, ta kuma ba wani ɗan kwangila aikin ɗora tanki a sama, da famfuna shida a gindinsa. Sunansa Alhaji Ɗan'azumi, amma Gama-da-wuri ake ce masa, yana kuwa amsawa da fara'a, don a zatonsa yabo ne. Wanda aka ɗora wa duba aikin shi ne Injiniya Tanimu na sashen ayyuka, wani siririn mutum mai sanyin magana, wanda ko rumfar mai shayi zai shiga sai ya fara ɗaga kai ya ga abin da ke riƙe da rufin. Ƙa'ida ita ce ba a buɗe wa jama'a aiki sai ya sa hannu a takarda cewa abin zai ɗauki nauyin da aka yi shi dominsa.

Ranar da Tanimu ya zo duba aiki, ya tarar da tanki yana ta ƙyalli, an shafe shi da fenti kore shar. Ya buɗe zanen da aka ba Alhaji, ya dubi ƙafafun da ke takarda, ya dubi waɗanda ke gabansa. Na takarda ƙarfe ne mai kaurin cinyar ƙato. Na gabansa kuwa irin bututun da ake kafa rumfar biki da shi ne. Ya ciro makullin babur ɗinsa ya ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa masa da muryar gwangwanin madara. Ya sa kafaɗa ya ɗan tura, sai tankin ya sunkuyo kaɗan, ya koma.

Alhaji ya ce, "Ka gani? Har gaisuwa ya iya."

Tanimu ya ce, "Alhaji, ina ƙarfen da aka rubuta a nan?"

"Wancan ƙarfen mutanen da ne, ɗana. Na yanzu siriri ne, amma akwai zuciya. Kai ma ga ka siriri, wa ya ce ba ka iya aiki ba?"

"Ramin ƙafafun fa? An ce a haƙa har ƙirjin mutum."

"An haƙa. Sai dai wanda aka gwada da shi gajere ne, kuma a durƙushe yake."

Tanimu ya naɗe zanensa. Ya ce tankin nan in ya cika, nauyinsa ya fi na shanu talatin, kuma a ƙarƙashinsa mata za su riƙa layi da bokitai, don nan ne inuwa take. Alhaji ya ce sati uku ke nan tankin yana tsaye, ko tari bai yi ba.

"Ai babu ruwa a ciki, Alhaji."

"Ato! Ka ga ashe ruwan ne matsalar, ba aikina ba. Je ka ka kama ruwa."

Tanimu ya ce shi dai ba zai sa hannu ba. Ya faɗa a hankali, kamar mai neman a miƙo masa buta.

Kafin ya isa ofis labari ya riga shi. Ciyaman na ƙaramar hukuma ya kira shi, bai ko ce ya zauna ba. Ya ce an riga an buga katin gayyata, an yi hayar kujeru da lasifika, an kira masu ɗaukar hoto, ranar Alhamis za a buɗe tanki. Ko Laraba ce? A'a, Alhamis, don ranar kasuwar garin ce. Sa'an nan ya nuna masa takardu biyu a kan tebur. Ɗaya ta shaidar kammala aiki ce, tana jiran sa hannun injiniya. Ɗayar ta canjin wurin aiki ce, zuwa wani fili a bayan gari inda ake jibge matattun taraktoci, wurin da ba kowa sai ƙadangaru.

Ciyaman ya ce, "Ranar Alhamis ɗaya daga cikinsu za ta sha tawada. Ka zaɓa."

Tanimu ya ce, "Allah ya ƙara wa Ciyaman lafiya," ya fita. Yana son aikinsa, kuma ba shi da wani. Amma duk lokacin da ya tuna da biro, sai ya hango bokitai a jere a gindin bututun rumfar biki.

Ana jibi buki ya koma Kwarin Gauta bayan la'asar, ko Allah zai sa ƙafafun sun yi ƙiba. Ba su yi ba. Sai ya tarar da wani tsoho zaune a kan dutse, nesa da tankin sosai, yana kallonsa yana girgiza kai. Baba Nomau ke nan, Sarkin Maginan garin, wanda rabin sorayen Kwarin Gauta hannunsa ne. Suka gaisa, Tanimu ya tsuguna a gefensa.

Tsohon ya ce, "Injiniya, wa zai ci tuwon wannan abu?"

"Wane tuwo, Baba?"

"Au, ku a boko ba a ba ku tuwo? Mu a garin nan, in magini ya yi rufin soro, ranar da za a cire matokaran da ke tallafe da azara, sai a kawo masa tuwo a akushi, ya zauna a tsakar ɗakin shi kaɗai, ya cinye, ya suɗe. Sa'an nan mai ɗaki ya shigo da iyalinsa. Ni na ci ya fi sau ɗari. Ka ga kaina, ko ƙulu babu."

"In magini ya ƙi ci fa?"

"Sai ya rushe ya sake. Ba a taɓa yin gardama a kai ba, don kowa na kallo."

Tanimu ya ciro takarda ya yi 'yan rubuce-rubucensa a kan gwiwa, har ya tabbatar cewa ƙafafun za su iya da ruwa rubu'in tanki, sai dai su yi kuka. Daga nan ya raka Baba Nomau ƙofar dagaci. Da ya fito ya nemi Malam Jatau mai kula da injin ruwa, ya ja masa kunne: ruwa na kai rubu'i ya kashe inji, ko wa ya ce ya ƙara.

Ranar Alhamis fili ya cika. Tanimu ya zo tun da hantsi ya kewaye tankin da igiya, nesa da shi, ya ce kada wanda ya tsallaka. Alhaji Ɗan'azumi ya iso cikin babbar riga mai aska takwas, da sabon takalmi sau-ciki mai ƙara, yana ɗaga wa mutane hannu. An ajiye takardar shaida da biro a kan faranti a gaban Ciyaman. Ɗaya takardar tana leƙowa daga aljihunsa, yadda Tanimu zai gani.

Bayan addu'a da jawabai, dagaci ya karɓi lasifika. Ya ce kafin a yanke ƙyalle, Kwarin Gauta tana da al'ada ta girmama duk wanda ya yi mata gini, kuma ba za a ce an yi baƙo kamar Alhaji an hana shi haƙƙinsa ba. Ciyaman da ya ji an ce al'ada, ya ga masu hoto sun gyara tsayuwa, sai ya fara tafi. Aka shimfiɗa tabarma a daidai tsakiyar ƙafafun tanki. Baba Nomau da kansa ya kai akushi ya ajiye, ya fito da sauri fiye da yadda aka san shi da shi. Tuwon dawa ne da miyar kuka, an malala man shanu. Wasu sun ce na gero ne. Ni dai ƙamshin na riƙe.

Alhaji ya ce, "Wannan ai girma ne! Ni da aikina?" Ya tsallaka igiya, ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya tanƙwashe ƙafa, ya naɗe hannun riga. A ransa tankin fanko ne.

Sai Baba Nomau ya ce, "A cire matokarai!" Ya waiwayi Tanimu. "Af, wannan ba shi da su. Me ake yi masa?"

Tanimu ya ce, "Ruwa ake ba shi, Baba."

Malam Jatau ya tayar da inji.

Ruwa ya fara zuba a cikin tankin, yana dukan gindinsa kamar ana kiɗan ganga a kan Alhaji. Lomar farko ta tsaya masa a hanya. Ya ɗaga kai, ya sauke, ya yi wa masu hoto murmushi.

"Injiniya! Wannan ƙarar ta mece ce?"

"Ruwa ne, Alhaji. Ci abincinka."

"Tuwon da zafi. A bari ya huce, in ci a gida."

Baba Nomau ya ce, "A nan ake ci. Kuma a suɗe."

Alhaji ya yanko loma ta biyu kamar kan jariri, don a gama da wuri, ya haɗiye ba tauna, idanunsa suka kawo ruwa. Sai ƙafar tanki ta gabas ta ce ƙiiii. Ta yamma ta amsa mata. Matan da suka zo da bokitai suka ja da baya. Ciyaman, ba tare da ya tashi ba, ya fara jan kujerarsa da ɗuwawu, kaɗan-kaɗan, har ya tsinci kansa a bayan bishiyar darbejiya.

"Ɗana Tanimu! Ruwan ya kai ina?"

"Bai kai rubu'i ba, Alhaji."

"Rubu'i? Duk wannan kukan na rubu'i ne?"

Yana rufe baki wani ɗigon ruwa ya faɗo masa a tsakar hula, ɗal. Ɗigo ɗaya tak. Alhaji bai tsaya ya ji na biyu ba. Ya zabura da loma a hannu, ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, ya bar ɗayan, ya tsallake igiyar nan da babbar riga kamar ɗan akuya, bai tsaya ba sai da ya wuce masu tsire. Malam Jatau ya kashe inji. Fili ya yi tsit, ban da tankin da ke ta 'yan ƙorafe-ƙorafensa a sama. A ƙarƙashinsa ga akushi, ga takalmi ƙafa ɗaya a bakin tabarma.

Ciyaman ya leƙo daga bayan darbejiya. Takardar taraktoci tana hannunsa, amma fifita yake yi da ita, ta riga ta jiƙe da gumi.

Can sai ga Alhaji ya dawo yana ɗingishi, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa, yana haki. Ya tsaya a bayan igiya, ya ga tankin bai faɗi ba, sai ƙarfin hali ya dawo masa. Ya suri faranti daga tebur ya nufi Tanimu da shi.

"To, ga shi nan tsaye! Ya faɗi? Jama'a, ya faɗi? Ni fitsari ne ya matse ni. Karɓi biro, ɗana, sa hannu a wuce wurin. Kowa ya ga aiki, kowa ya yarda da shi."

Tanimu ya ɗauki biron, ya juya shi, ya mayar kan faranti da ladabi. Sa'an nan ya nuna gindin tanki da haɓa.

"Alhaji, a duk filin nan takalminka ne kaɗai ya yarda da aikin nan. Kai masa biron."