Rasuwar Gwaggo, Wadda Aron Samfuri Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Zayyad Abdulrasheed, tafintanku, nake sanar da Hausawa mazauna Guangzhou da masu zuwa sari rasuwar motata, Chevrolet Impala ƙirar 1967, wadda ku da kanku kuka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar, a kusurwar siton Alhaji Maidaji da ke bayan unguwar Sanyuanli, tana da shekara hamsin da takwas a duniya.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce labari ya zo masa ba zato. A gabanku ta yi jinya. Kullum kuna cikin siton nan kuna ɗaure kwalaye. Kun ji muryarta ta sauya, kun ga baƙin hayaƙi, kuka kau da kai. Wasunku sun kau da kai ne don suna ganin ba ruwansu. Wasu kuwa don sun san abin da ke cikin jakarsu. Zan faɗi buƙatata tun yanzu, don mai saurin gajiya da karatu: ina neman kafiretarta ta asali kafin ƙarfe goma na safiyar Asabar. In ba ta dawo ba, da azahar masu sayen gwangwan za su zo su yanka Gwaggo gunduwa-gunduwa.

An haifi marigayiya a Amurka. Yadda aka yi ta ƙetaro teku ban sani ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Na tsince ta shekara huɗu da suka wuce a ƙofar wani shagon ɗaukar hoton aure da ya rufe, an cusa mata furen roba a kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofinta, kyanwa ta haihu a but. Ba ta da takardun hawa titi, har ta koma ba ta samu ba. Alhaji Maidaji, mutumin Maraɗi, shi ya ba ni aron kusurwar sitonsa. Ya ce, "Ajiye tsohuwar can, ɗana, in dai ba ta hana ni lodi ba." Allah ya saka masa da alheri a kan wannan. Sauran maganarmu da shi tana gaba.

Litinin zuwa Asabar ina bin ku kasuwannin Shahe da Canaan da masana'antu ina fassara muku ciniki. Lahadi ta Gwaggo ce. Na kankare tsatsa har farcena ya tsage. Na ɗinke kujeru. Na gano cewa notocinta da inci aka auna su, ba da milimita ba, na zaga shagunan kayan aiki ɗaya bayan ɗaya ana ce mini "meyo", wato babu, sai daga waje na yi odar sifanu. Kuma duk ƙarfen da na kwance na wanke, kafin in mayar da shi sai in sa ƙusa in karce harafin Z a bayansa, shaidar cewa ya bi ta hannuna. Ku riƙe wannan harafin a ranku.

Ta kasance doguwa, shuɗiya, mai faɗin ƙirji, mai kunya. Ba ta da kwamfuta, saboda haka ba ta ƙarya: in ƙishi take ji za ta faɗa, in ciwo ne za ta nuna wurin. Tafiya mafi nisa da ta yi a hannuna ita ce daga kusurwarta zuwa ƙofar farfajiyar sito, taku sittin, ta dawo da baya, ba ta taɓa ƙorafi ba. In ta tashi sai ta ce gudum-gudum-gudum, a hankali, har kwalayen atamfa su riƙa rawa. Hon ɗinta kuwa booom ne, sau ɗaya, irin muryar dattijuwar da ba ta maimaita magana. Tana shan fetur, ba ƙaramin sha ba. Wannan kaɗai ne aibinta, kuma na yafe mata.

Ciwon ajalinta da kalma ɗaya ya fara: samfuri. Kowa a garin nan ya san sana'ar. Ka ga abu mai kyau, ka ɗauka ka kai masana'anta, a buga maka irinsa dubu. Alhaji Babayo, mai tura kayan keke-napep Kano, shi ya buɗe ƙofar. Ya shafa madubinta na gefe ya ce, "Malam Zayyad, ara mini wannan kwana biyu. Samfuri kawai zan nuna wa lawban," wato mai masana'anta. Na ba shi. Bayan mako uku madubi ya dawo yana ƙyalli fiye da da, har godiya na yi, don wautata. Sai Hajiya Saffana mai jakunkuna a Canaan ta hango 'yar barewar ƙarfen da ke jikin motar, tambarinta. Ta ce, "Ƙanena, wannan barewar in ta hau jakar mata, ai Kantin Kwari ba zaman lafiya." Ita ma na ba ta, ita ma ta dawo da ita tana ƙyalli. Daga nan aka daina tambayata. Hannun ƙofa ya je ya dawo. Murfin tanki ya je ya dawo. Wata Lahadi na danna hon, Gwaggo ta ce fiit-fiit, kamar babur ɗin mai kai abinci. Mutum shida ne a siton a lokacin. Duk suka yi dariya, babu wanda ya yi mamaki. Wannan rashin mamakin ya kamata in lura da shi.

Ƙanwata Firdausi ce ta buɗe mini ido. Ta turo mini hoto daga Kano: ta shiga keke-napep a Zoo Road, ta ga madubin Gwaggo sak a jikinsa, a bayansa ga Z. Na ruga na kwance wanda ke jikin motar. Z tana nan, amma ba karcen ƙusa ba ce, a zube take cikin ƙarfen, sumul. Masana'anta ta kwafi samfurin har da sa hannuna. Na asalin yana can kan shiryayyen wani lawban, ni kuwa aka miƙo mini ɗansa na karɓa da hannu biyu. Na duba barewa, na duba hon, na duba hannun ƙofa. Duk 'ya'ya ne.

Wannan ya raunata ta, amma ba shi ya kashe ta ba. Mota tana rayuwa da madubin ƙarya. Mako uku da suka wuce ta fara tari, tana amayar da baƙin hayaƙi, tana mutuwa kafin ta kai ƙofa. Na ɗaga bonet na nufi kafireta, wadda ke gauraya mata fetur da iska, wato zuciyarta. Na sa sifana ta rabin inci, wadda ta shekara huɗu tana zama daram a kan wannan notin, sai ta zame. Na ɗauko ta milimita goma sha biyu, ta zauna kamar don ita aka yi shi. Sannan na kwance kafiretar na juya ta. Akwai Z, kuma wannan karon da ƙusa aka karce ta. Wani ya san alamata, ya zauna ya yi mini ita da hannunsa. Sai dai Z ɗinsa tana da ɗamara, ɗan layi a tsakiya.

Ni a Kano na yi firamare. Ba a koya mana ɗaura wa Z ɗamara ba. Masu karatun boko na Faransanci su ke rubuta ta haka, kuma akwai su a siton nan wajen mutum bakwai. Ban kira sunan kowa ba. Ban ma cire yiwuwar cewa wani Bakano mai wayo ne ya ɗaura ɗamarar don idona ya koma Maraɗi ba. Na zauna da ku, na san za ku iya.

Ranar Juma'a bayan an dawo masallaci na tsaya a tsakiyar sito na tambaya. Alhaji Babayo ya buɗe tafin hannuwansa ya ce, "Meyo." Bahaushe, ɗan Fagge, yana amsa wa Bahaushe da meyo. Hajiya Saffana ta ce, "Ni da ba na ma iya buɗe bonet, ƙanena? Barewa dai na ɗauka, kuma ka ga ta yi albarka." Alhaji Maidaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, ɗana, ƙarfe ne fa. Wanda ya sa maka sabuwa ai gyara ya yi maka." Na yi ta tunani tun ranar, ban tuna na gaya wa kowa cewa sabuwa ce ba.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mu ne muke komawa gida muna kukan cewa kaya ba sa ƙarko, mu ne kuma muke tsayawa a gaban lawban muna cewa a rage kaurin ƙarfen, ba mai ganewa. Na sani, don da bakina ake faɗa. Abu ɗaya na asali ya shigo cikinmu, wanda ya shekara hamsin da takwas bai karye ba, ba mu ga komai a jikinsa ba sai abin kwafa. Kuma in ka yi magana a ce maka ba komai. Ba komai ɗin nan ce ta kashe Gwaggo. Ranar Lahadi na murza makulli, ta ce kir-kir-kir, tuf. Ba ta sake cewa komai ba.

Ta rasu ta bar ni. Ta bar sifanu goma sha ɗaya na inci, waɗanda ba su da sauran abin kwancewa a unguwar nan, da jikanyar kyanwar nan da ke kwana a ƙarƙashinta. Ta bar 'ya'ya masu yawa da ba ta san da su ba: madubai a kekunan Kano da Katsina, hon a Maraɗi da Yamai, barewa a kafaɗar matan da ba su taɓa jin sunanta ba. Dukkansu suna ɗauke da harafina, babu ɗaya da ya gaji muryarta.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, na san hukunci. Ba zaman makoki, kada kowa ya kawo mini shinkafa. Alhaji Maidaji yana buƙatar kusurwarsa don kayan Salla, haƙƙinsa ne, kuma ya riga ya kira masu gwangwan su zo Asabar da azahar. Amma mutuwar mota ba irin tamu ba ce. Akwai wani dattijo a garin Foshan mai tara tsofaffin motoci a rumfarsa, ya yarda ya karɓe ta ta zauna a inuwa, da sharaɗin ta tashi a gabansa da kafiretarta ta asali. Ya san lambar da ke jikinta, ba a ruɗinsa da Z mai ɗamara. Zai iso ƙarfe goma.

Na ajiye kwalin da ba komai a ciki a bakin ƙofar sito, na roƙi Alhaji ya juya kyamarar ƙofar ta kalli bango, kuma ya juya. Ba zan tambayi kowa ba. Amma in azahar ta yi aka sa mata wuta aka yanka, to daga ranar Litinin zan ci gaba da yi muku tafinta, sai dai zan fassara wa lawban komai da komai, har wanda kuke faɗa a gefe da Hausa kuna murmushi.

Ku riƙe madubi, ku riƙe barewa, ku riƙe 'ya'yan duka. Kai da zuciyar uwarsu take hannunka, naɗe ta a leda ka kawo. Kai kuma da ka ga lokacin da aka kwance ta ka kau da kai, ka san ƙofarsa. Je ka buga masa yau.